Ɗigon Jinin Iya Shuni

Shekara arba'in da huɗu ta yi a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti, kuma ba ta taɓa sa hannu a takardar sakamako ko ɗaya ba. Ba hurumin ta ba ne. Aikinta ta wanke siraran gilasai, ta shafa jini a kansu, ta rina, ta jera a tire ta miƙa wa masu takardar shaida. Rinin ya ci yatsunta har ƙarƙashin farce, sabulu ya gaji ya bar mata. Shi ya sa kowa ke ce mata Iya Shuni, tun daga masu gadi har likitocin da ta yi jika da su. Ba ta da fara'a, ba ta kuma neman a so ta. In an gaishe ta takan amsa ba tare da ta ɗago kai ba. Amma gilashin da ya fito daga hannunta ba a taɓa dawo mata da shi a ce ta sake ba.

Da tsintsiya ta shigo. Tana aji uku na sakandare mahaifinta ya rasu, karatu ya tsaya cak, wata ƙanwar uwarta ta samo mata aikin shara. Shugaban ɗakin a lokacin wani tsoho ne mafaɗaci da ake ce wa Malam Tabarau. Wata rana ya kama ta tana leƙen madubinsa, wannan mai ƙara girman abu, tsintsiya a hammata, ido ɗaya a runtse. Ta ɗauka korarta ce ta zo. Sai ya ce mata in za ta yi sata ta yi mai kyau, ta buɗe ido biyu. Ya aika kicin aka kawo albasa, ya ɓaro 'yar siririyar fatar ciki, ya ɗiga mata rini, ya ce ta duba.

Ta ga ɗakuna a jere kamar ginin bulo, kowanne da bangonsa, kowanne da ɗigo mai duhu a ciki. Ya ce kowane ɗaki ƙwayar halitta ce, kuma da irinsu aka gina duk wani abu mai rai, albasa da akuya da shi kansa. Sannan ya sa ta kankaro cikin kumatunta da tsinke, ya shafa a wani gilashin. Nata ƙwayoyin ba su da bango. Bango na tsirrai ne, in ji shi, mutum da dabba fata kawai suke da ita, siririya, mai tantance abin da zai shiga da abin da zai fita kamar mai gadin ƙofa. Cikin fatar ruwa ne mai kauri, a cikin ruwan kuma akwai ma'aikata ƙanana da madubinsu bai isa ya nuna ba. Wasu murhu ne, suna ƙona abinci su ba da ƙarfi. Wasu maƙera ne. Wasu masu kwashe shara.

"Irinki," ya ce.

A tsakiya kuma akwai cibiya, wannan ɗigo mai duhu, inda aka ajiye umarnin komai: me ƙwayar za ta zama, yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta daina. Ya ce in cibiya ta ɓaci, sauran ma'aikatan ba sa gardama, biyayya za su yi ta yi har su rushe gidan.

Daga ranar ya ɗauke ta daga shara ya mayar da ita wurin wanki, daga wanki zuwa rini. Bai ƙara zaunar da ita ya koya mata wani abu ba, sai dai in ta yi kuskure ya zage ta, ta tsinci karatu a cikin zagin. Da haka ta san jini. Ta san jajayen ƙwayoyi ba su da cibiya, tun a ɓargo suke jefar da ita don su sami wurin ɗaukar iska, su yi wata huɗu suna dako su mutu. Ta san fararen, masu yaƙi da cuta, waɗanda cibiyar mafi yawansu ke kama da igiyar da aka ƙulla sau uku ko huɗu. Ta san 'yan ɓarɓashin da ke tsayar da jini in an yanke. Ba ta san sunayensu na littafi duka ba, ba ta kuma damu ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Malam Tabarau ya yi ritaya ya mutu. Shugabanni huɗu suka zo suka wuce. Ita tana nan gaban famfo.

Mijinta direban tankar ruwa ne, ƙato, mai yawan surutu da alfahari. Sun haifi biyar, biyu suka rayu: babbar mace, tela ce, tana aure a wani gari mai nisa, sai Auta, mai gyaran wutar lantarki, wanda ke zaune da matarsa layi biyu daga gidansu. Shekara shida kafin abin da za a faɗa, direban ya faɗi a bakin motarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta tafi, ta bar masa kalma ɗaya: to. Da ita yake yarda, da ita yake ƙi, da ita yake zagi. Matarsa kaɗai ke gane wace ce wace.

Abin da ciwon bai ɗauke ba shi ne girman kansa. Bai yarda kowa ya ga tsiraicinsa ba sai ita. Sau ɗaya Auta ya gwada canza masa zani, tsohon ya kai masa duka da hannun hagu, ya kuma rufe baki yini guda bai ci abinci ba. Ta ce a ƙyale shi, za ta iya. Haka ta ɗauke shi ita kaɗai. Da safe ta wanke shi, ta shafe masa baya da ƙugu da dugadugai da mai, ta ciyar da shi, ta kwantar da shi ta ɓarin dama. Ƙarfe goma wata maƙwabciya ta leƙo ta ba shi ruwa ta gyara masa filo, iyakar abin da ya yarje mata kenan. Da hutun rana Iya Shuni ta tako ƙafa minti ashirin ta juya shi hagu, ta koma. Da yamma a sake. Mutumin da ke kwance in ba a juya shi, nauyinsa kan danne jijiyoyi, ƙwayoyin wurin su rasa abinci su mutu, fata ta buɗe gyambo. Shekara shida, ko tabo babu a jikinsa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan ne abin da ta fi alfahari da shi a duniya, fiye da 'ya'yan ma.

A ɗakin gwajin akwai wata al'ada tun zamanin Malam Tabarau. Duk ranar da aka haɗa sabon rini, ba a zuba shi a jinin majinyaci sai an gwada shi a jinin mai lafiya, don a ga ko yana ba kowace ƙwaya launin da ya kamata. Mai rini ita ke sukar yatsanta. Jinin Iya Shuni shi ne ma'aunin asibitin shekara talatin, har ta san shi kamar yadda mace ta san tsakar gidanta.

Wata Litinin da safe ta haɗa sabuwar kwalba, ta soki yatsa, ta ja ɗigon a kan gilashi, ta bari ya bushe, ta rina, ta ɗauraye, ta ɗiga mai, ta sa a madubi. Ta daɗe tana kallo. Jajayen sun yi ƙaranci kuma sun koɗe. 'Yan ɓarɓashin sai ta nema kafin ta ga ɗaya. Fararen kuwa sun cika fili, amma ba irin waɗanda ta sani ba. Manya ne, babu ƙulli, cibiya ta kumbura ta cinye ɗakin duka, ruwan ciki ya koma ɗan siririn zobe a gefe. Duk kamarsu ɗaya, kamar an buga su da hatimi. Jarirai ne da suka fito daga ɓargo ba su nuna ba, ba su iya aikin komai ba sai yawa.

Ta ce ruwan ɗauraya ne. Ruwa in ya yi tsami ko ya yi kanwa yakan ɓata launi. Ta zubar, ta auna sabo, ta soki wani yatsan. Abin da ta gani ɗazu shi ta sake gani. Sai ta je wurin matar da ke ɗibar jinin majinyata, wadda ake ce wa 'Yar Allura, ta ce ta ba ta ɗigo ɗaya.

"Yau kuma naki ya ƙare ne, Iya? Ko rowa ta kama ki da tsufa?"

Ta ce ta miƙo hannu kawai. 'Yar Allura ta miƙa tana ta mita, wai wanzami ba ya son jarfa, ita sukar mutane ta iya ba a soke ta ba. Jininta ya fito tas a madubi, kowace ƙwaya da launinta, ƙulle-ƙullen nan radau. Rinin lafiyarsa ƙalau.

Iya Shuni ta zauna a kujerar da ba ta saba zama ba. Ta tuna hakin da take yi a hanyar gida wata biyun nan, wanda ta ɗora wa shekaru. Ta tuna tabon jini-jini da ke kwanciya a damatsanta, wanda ta ɗora wa ɗaga tsoho. Ta tuna jinin da take tofarwa in ta goge baki. Jiki magayi ne, ita ce ba ta saurara ba.

Ba ta da ikon karanta gilashi, ko da nata ne. Saboda haka ta rubuta masa lamba, ba suna, ta cusa shi cikin tiren Oga, shugaban ɗakin na lokacin, mutum mai kirki da son a san ya sani. Ta koma bakin famfo tana wanki, bayanta gare shi. Ta ji ya ajiye kofin shayinsa. Ta ji ya yi fito a hankali. Sannan ya kira ma'aikata biyu ya ce su zo su ga irin na littafi, ba kullum ake samu ba, su dubi yadda cibiya ta cika ƙwayar. Sankarar jini ce, in ji shi, mai saurin nan. Ya tambayi inda takardar gilashin take, ba wanda ya sani. Ya ce ko wane ne a nemo shi yau a tura shi babban asibiti, in kuma tsoho ne to sai dai addu'a.

Ba tare da ta juyo ba ta tambaye shi irin wannan yakan kai wata nawa. Ya ce wannan maganar likita ce, amma waɗanda ya gani, in ba magani, wata biyu, uku, wani ma bai kai ba. Ya sake tambayar ko wane ne mai gilashin.

Ta rufe famfo, ta ɗaga masa yatsu biyu masu audugar da ba ta cire ba.

Ma'aikatan nan biyu suka sulale. Oga ya cire tabarau ya mayar, ya fara kame-kame, wai gilashi ɗaya ba ya yanke hukunci, wai sabon rini yakan yaudari ido, bari a sake haɗa wani.

"Kada ka zagi rinina," ta ce. "Rubuta mini takardar."

A babban asibiti suka huda mata ƙashin ƙugu suka ɗebi ɓargo, bayan kwana biyar suka gaya mata abin da ta riga ta sani. Likitar, wata yarinya mai hankali, ba ta yi mata rufa-rufa ba. Ta ce akwai magani mai ƙarfi, sai an kwantar da ita makonni, a shekarunta yana iya ƙara mata watanni, yana kuma iya gaggauta tafiyar. Iya Shuni ta tambaya in ta kwanta gobe wa zai juya mata mutum da rana. Likitar ba ta gane ba, sai da aka yi mata bayani. Suka rabu a kan za ta riƙa zuwa ana ƙara mata jini in ta galabaita, shi ke nan.

Ta ajiye aiki a makon. Ba ta tsaya an yi mata taron sallama ba.

Lissafinta ba mai tsawo ba ne. 'Yarta tana nesa da 'ya'ya huɗu, ba kuma za ta wanke mahaifinta ba. Matar Auta suruka ce, ba a ma fara wannan zancen. Baƙon hannu kuwa tsohon zai gwammace ya mutu. Saura Auta. Ta kira shi da hantsi, ta zaunar da shi a tsakar gida ta gaya masa a taƙaice. Ya fashe da kuka, ƙaton mutum mai shekara talatin da uku. Ta bar shi ya yi na minti biyu, sannan ta ce ya adana sauran, zai buƙace shi, yanzu ya wanke hannu ya yanke farce.

Suka shiga ɗaki tare. Ta tsaya inda mijin zai gan ta ta ce masa jininta ya ɓaci, ba ya gyaruwa, kuma daga yau Auta ne zai riƙa yi masa komai. Ya dube ta ya daɗe. Ya ce to. Ta san wannan to ɗin, ba ta yarda ba ce.

Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta sa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta ta danne. Daga nan take ba da umarni. A lanƙwasa gwiwar sama tukuna. Hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ba a jan mutum ta hannun da ya mutu. Zanin gado a miƙe shi, ko ninki ɗaya yana iya yanka fata. Auta ya saba da waya da filaya, hannunsa kaushi, ga tsoro. Da ya kai hannu zai ɗaga zanin, tsohon ya kai masa naushi a baki har leɓe ya fashe. Auta ya juyo yana kallon uwarsa.

"Ci gaba. Hannu ɗaya gare shi, kai kana da biyu."

Aka yi wankan da kokawa, tsohon yana to, to, to, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Da aka kawo abinci ya datse haƙora. Ya yini haka. Washegari ma haka, ruwa kaɗai yake karɓa, shi ma sai daga hannun maƙwabciya. Auta ya roƙe ta ta ba shi ko cokali biyu ne, kada ya mutu a hannunsu. 'Yar ta bugo waya tana kuka, tana cewa Inna wannan rashin imani ne, ki bar shi ya ji daɗin hannunki iya kwanakin da suka rage. Maƙwabciyar ma ta yi gunaguni a zaure, wai ciwo ya taɓa wa matar nan kai. Iya Shuni ta ci gaba da danne hannuwanta ƙarƙashin cinya. Ta san in ta ba shi cokali ɗaya yau, ranar da ba ta nan zai rufe baki ya jira ta, kuma a lokacin babu mai ce masa komai ya ji.

Rana ta uku ta matso da kujerar kusa da kansa.

"Malam, ka ji ni da kyau. Ba zan ƙara taɓa ka ba. In ka ƙi ci, ka riga ni, ni na huta. In kuma ka ci, ka ci a hannun ɗanka. Ba wani zaɓi na uku."

Da azahar ya buɗe baki. Ya ci cokali bakwai a hannun Auta, idonsa a rufe. Daga ranar bai ƙara kallonta ba. In ta shigo ya runtse ido, in ta yi magana ya yi kamar bango. To ɗin ma ya hana ta. Shekara arba'in da ɗaya suna tare. Ta ga hakan, ta kuma ɗauka ciniki ne da ya faɗi daidai.

Auta ya koya, ba da sauri ba. A mako na huɗu wani aiki ya riƙe shi a bayan gari, bai zo juyin rana ba sai la'asar. Tana zaune tana kallon agogo, tana kallon mutumin, hannuwanta a ƙarƙashin cinya. Ko da ta so a lokacin ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Da Auta ya iso ya juya shi, sai ga wuri ja a kan ƙashin ƙugu, faɗin bakin kofi. Ta sa shi ya danna da yatsa ya ɗaga. Ta ce in ya yi fari ya dawo ja, jini na zuwa, ƙwayoyin suna da rai. In bai canza ba, sun fara mutuwa. Ya danna. Bai canza ba. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta nuna masa yadda ake tokare wurin da filo kada ya taɓa katifa, ta ce ya gaya wa masu ba shi aiki cewa daga sha biyu zuwa ɗaya ba shi da wuta ba shi da waya.

A mako na tara zazzaɓi ya kama ta, hancinta ya ɓalle da jini ya ƙi tsayawa. Fararen ƙwayoyin nan masu yawa ko ƙwayar cuta ɗaya ba su iya kashewa. Aka samo mota da hantsi. Matar Auta ta riƙe ta, Iya Shuni ta ce a tsaya a ƙofar ɗakin tsohon. Yana kwance ta ɓarin hagu, fuskarsa ga bango, filo a bayansa, zanin gado a miƙe ba ninki. Ta duba wannan da kyau kafin ta yi magana.

"Malam, na tafi."

Bai motsa ba. Auta ya ce bari ya juyo shi ya gan ta. Ta dubi agogon bango, sha ɗaya saura.

"Lokaci bai yi ba. Ƙugun dama ne mai ciwon, kada ka ɗora shi a kai don ni. Mu je."

Ta rasu bayan kwana shida. Tsohon ya ƙara wata goma sha ɗaya a hannun ɗansa. Gyambon ƙugun bai warke ba, amma bai faɗaɗa ba, kuma na biyu bai fito ba.